Firigon da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Da aka dawo daga maƙabarta bayan an binne Kawu, mai sayar da kifin bakin tabki ne ya fara magana. Ya zauna a gefen tabarma, ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Allah shi jiƙan shi. To mu yanzu gyaran firigo sai Maraɗi ke nan." Wani dattijo ya harare shi, ya yi shiru. Ina jin ba da mugun nufi ya faɗa ba. Abin da ke zuciyar mutane da yawa ne, shi dai bakinsa ne ya riga na kowa.

Direbobin hanyar Ɗan Isa sun zo a tare, suka yi addu'a a tsugune, suka tashi da sauri don motocinsu na jiran lodi. Mahaifiyata, wadda ke bi wa Kawu a haihuwa, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Tambaya take ta yi ko an ba baƙi ruwa, wanda ya sha ma sai ta ce a sake ba shi. Matar marigayin, wadda muke kira Iya, ta shige ɗaki ta fara takaba, ba a ƙara jin muryarta ba. Ƙaramin kawu kuwa, autansu, mai fataucin kaya tsakanin Jibiya da nan Madarunfa, tashi ya yi ya jawo ƙofar zauren da marigayin ke aikin gyaran firigo, wato firiji, a ciki, ya ɗana kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya dawo ya zauna.

Ni a lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, na gama karatu ina jiran a tura ni wurin aiki. Ana ce mini "ya haƙuri", ina amsawa "da godiya", kamar mai karanta abin da aka rubuta masa. Ban ji komai ba, ko in ce ban san abin da na ji ba. Har yanzu kusan haka nake. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na iya tunawa tun bai zube ba, ko da wani wurin zan yi kuskure. Waɗanda suka fi ni saninsa suna da rai, sai su gyara mini.

Cikin masu gaisuwa akwai wata maƙwabciyarmu, matar wani tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan. Kiristoci ne, mutanen Maraɗi, sun zauna unguwarmu tun kafin ya bar aiki. Ta zo ranar rasuwar, ta dawo washegari, ta sake dawowa, kowane zuwa da kwanon kunu ko na dambu. Mata suna ta yabonta, suna cewa ko 'yar'uwa sai haka. Na lura in za ta fita takan ɗan rage tafiya a bakin zauren, ta dubi kwaɗon, ta wuce. Na ɗauka tausayi ne.

Kawu bai yi makarantar boko ba. A Katsina ya koyi gyaran firigo tun yana saurayi, ya yi shekaru a Maraɗi, da wuta ta iso garinmu ya tattaro kayansa ya dawo gida. Sabon firigo bai cika zuwa hannunsa ba. Tsofaffi ne, waɗanda suka gama rayuwarsu a wasu ƙasashe, suka hau jirgi da manyan motoci, suka ƙarasa zaurensa a kan amalanken jaki. Duk wanda aka kawo a kwance, sai ya sa a miƙar da shi a jingina da bango, ya hana a jona shi da wuta sai gobe. In mai shi ya matsa, sai ya ce, "Kai in ka taso daga Ikko a bayan mota, daga saukarka za a miƙa maka hauya? Bar shi shi huta, man da ke cikin shi shi koma mazauninsa."

Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a ce masa gas ya ƙare. "Gas ba shi ƙarewa," haka yake cewa, "gudu shi kan yi. Sai ka nemo ƙofar da ya bi." Sai ya kaɗa sabulu a gwangwani, ya bi bututun nan gaɓa gaɓa da gashin kaza yana shafa kumfa, fuskarsa dab da ƙarfen, yana jiran inda kumfar za ta kumbura. Wani yoyon a take yake samunsa. Wani kuwa sai ya cinye masa yini, mai firigo na zaune a kan benci yana tsaki. Bai taɓa yarda ya zuba gas bai toshe hudar ba, aƙalla dai ni ban gani ba. Yatsunsa biyu na dama sun yi fari fat a kai, wai gas ne ya taɓa fesar masa. Yakan nuna wa yara ya ce sanyi ma yana ƙuna, su yi dariya, su ɗauka wasa yake.

Kada in mai da shi abin da ba shi ba. Yana da taurin kai, kuma yana da baki. Ba ya sa alama a kan kayan mutane. Zauren cike yake da firigo, wasu na masu kawo gyara, wasu nasa ne da ya saya don ya tayar ya sayar, duk a cakuɗe. Na taɓa ce masa ko in manna wa kowanne 'yar takarda. Ya dube ni ya ce, "Awakin uwarka takarda gare su?" Shi ya san kowanne da lotsawarsa da tsatsarsa. Bai yi tunanin ranar da ba ya nan ba. Mu ma ba mu yi ba.

Da azumi yakan cika duk firigon da ya gama gyarawa da ruwa a leda. Kafin magariba sai ya rarraba ƙanƙarar gida gida, har gidan Mushe da ba sa azumi. In an yi masa godiya sai ya ɓata fuska, ya ce shi ba sadaka ya yi ba, gwaji yake yi, in bai ga ruwa ya daskare ba ta yaya zai san aikinsa ya yi. Ina zargin wasu firigon sun sha gwajin da ya wuce bukatarsu. Masu su sun sani, ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Faɗansa da ƙaramin kawu ba ni nan aka yi shi, mahaifiyata ce ta ba ni labari, kuma ita ma tana iya rage wani abu. Bayan da darajar kuɗinmu ta faɗi, gas ɗin firigo ya yi tsada ƙwarai. Ƙaramin kawu ya shigo da firigo da yawa yana so ya kai kasuwa da sanyinsu. Ya ce wa yayansa ya zuba musu gas ɗin girki, ai wasu na yi, kuma yana sanyi. Kawu ya ce yana sanyi kam, yana kuma kama wuta, kuma a ɗakin da yara ke kwana ake ajiye firigo. Da a nan ya tsaya da ba komai. Amma sai ya ƙara, a gaban direbobi da masu lodi, ya ce, "Kai dama ba ka san haƙƙin mutane ba." Daga ranar suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Mahaifiyata ta haɗa su da wata Sallah, suka gaisa, suka ci gaba da gaisawa. Ban ce sun shirya ba. Gaisawa dai suke yi.

Rasuwar ba ta zo da jinya ba. Ya dawo daga sallar asuba, ya buɗe zaure, ya ce wa Iya ƙirjinsa ya riƙe. Kafin a samo mota ya cika. A wajen jana'iza na'ibin liman ya yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai ajiya ko wani haƙƙi a wurin mamacin ya bayyana. Maza biyu suka yi magana. Mata ba sa zuwa wurin, Mushe kuma yana kwance.

Ranar sadakar uku, da hantsi, mahaifiyata ta ce in mayar wa matar Mushe kwanoninta. Bazara ce, zafin da ko inuwa ba ta da amfani. Na tarar da Mushe a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, ya rame, leɓensa a bushe. Kusa da shi an binne wani ɗan tulu cikin jiƙaƙƙen yashi, an lulluɓe shi da buhu, matar tana yayyafa masa ruwa.

"Ɗan marigayi," in ji Mushe, "kawunka ya tahi da sanyina."

"Kai dai ba ka iya shiru ba," ta ce. "Yaro ya kawo kwano, kai ka kawo magana."

"Yaro? Wanga da ya gama jami'a? Zauna ka ji."

Ciwon sukari gare shi, na san da haka, amma ban san kullum sai ya yi wa kansa allura ba, ban kuma san ruwan allurar ba ya jure zafi ba. Daga Maraɗi ake kawo musu, kuma ba kullum ake samu ba. Ɗan firigonsu ya daina sanyi, suka kai wa Kawu. Ya nemo hudar, ya liƙe, ya ce ta bari ya kwana, gobe da hantsi zai zuba gas ta aiko a ɗauka. Goben ce ya rasu.

Ta ɗaga buhun ta fito da 'yan kwalabe biyu. Ɗaya ruwanta ya yi gudaji gudaji, ya manne a jikin kwalbar. Ta ce wannan ta tafi. Ɗayar ba a buɗe ba tukuna, ita ce ta rage.

Na tambaya ko ba wani firigo a unguwa. Na mai kifi daskarar da komai yake yi, kuma in ruwan ya daskare ya lalace. Na mai shago shi ma yana cikin zauren Kawu. Na asibiti na rigakafin yara ne, ba a sa kayan kowa.

"To mi ya hana ki faɗa?" na ce. "Kullum kina gidanmu."

"Haba ɗana. Mutum ko kwana uku bai yi a ƙasa ba, matar shi na zaune cikin ɗaki, in buɗe baki in ce ina firigona? Da wane ido? Kullum da maganar nake zuwa, in na ga fuskar uwarka sai in haɗiye ta."

Na daɗe a hanya kafin in isa gida, ko da yake gidajen ba nisa. Ban san yadda ake tunkarar ƙaramin kawu ba. Na same shi a ƙofar gida bayan an watse daga addu'a, tare da wani abokin sana'ar marigayin da ya zo daga Maraɗi don sadakar. Na yi bayani, na maimaita wasu wuraren, ina jin na ba da haƙuri fiye da yadda ya kamata.

Ƙaramin kawu ya saurara har na gama. Ya ce, "Ban ce ba nata ba ne. Amma ni ban ga ranar da ta kawo shi ba. Firigo nawa ke cikin zauren nan, ka san na wa da na wa? In na fitar da ɗaya yau, gobe mutum goma za su zo kowa da labarinsa. Akwai marayu ƙanana. Ba abin da za shi fita sai liman ya dawo an raba gado."

Liman ya tafi aikin hajji, ba a sa ran shi nan kusa.

Mutumin Maraɗi ya ce, "Alhaji, to bar shi a ciki. Buɗe mini in ƙarasa aikin, in ya so a jona shi nan."

"Da wane gas? Ka zo da naka?"

"Gaisuwa na zo, ba aiki ba. Ai tukunyar gas ɗin shi na ciki."

"Tukunyar ta marayu ce, da abin da ke cikinta."

"Iska za ka raba musu, Alhaji? A mudu ko a tiya?"

"Ko iska ce tasu ce. Ba a kaina za a ce an ci haƙƙinsu ba."

Ban san zuciyar mutum ba, Allah ne masani, amma na yi zaton ba da mu yake magana ba. Da wanda ya gaya masa magana a gaban direbobi yake yi, shi kuma ba ya nan balle ya ji.

Mutumin Maraɗi ya fara neman takalmansa. Sai muka ji murya daga bayan katangar da ta raba ƙofar gida da tsakar gida. Iya ce. Tun ranar rasuwar ban ji ta yi magana da ƙarfi ba.

"Alhaji."

"Na'am, Yaya."

"Ɗan fari ne, mai hannun da aka ɗaure da waya. Ni na ba ta ruwa ranar da ta kawo shi. Gas ɗin kuma a zuba daga tumunina na gado."

"Yaya, ai ba a fitar da tumunin ba tukuna."

"In an tashi fitarwa a rage. Ko ni ma sai liman ya dawo zan yi kyauta da abina?"

Ƙaramin kawu ya sa hannu a aljihu, ya daɗe, sannan ya fito da makullin. Ya ce ya yarda a zuba, wutar da zai sha kuma a kansa, amma shaidar mutum ɗaya ba ta isa a fitar da kaya ba, firigon zai zauna a zaure. Ba wanda ya ja da shi. Ina ganin iyakar abin da zai iya bayarwa ke nan a ranar.

Zauren yana nan yadda Kawu ya bar shi. Gwangwanin sabulu ya bushe, gashin kazar ya manne a ciki. Ɗan farin firigon yana tsakiyar ɗaki, an juya bayansa wajen haske, sabon liƙi yana ƙyalli a bututun. Mutumin Maraɗi ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye, ya tsuguna, ya duba liƙin ta sama da ta ƙasa. Ya ce, "Ya gama abin shi. Zubawa kaɗai ta rage."

Ya ɗaura tiyo daga tukunyar zuwa wani guntun bututu a jikin injin, ya fitar da iskar da ke ciki, ya jona wuta. Injin ya yi tari ya kama. Ya riƙa buɗe kan tukunyar kaɗan, ya rufe, ya jira, ya dubi agogon awo, ya sake buɗewa. Mu kuwa muna tsaye, gumi na bin bayanmu. An jima sosai ba abin da ya canza, har na fara tunanin ko akwai wata hudar da Kawu bai gani ba, na kuma ji kunyar tunanin. Can sai ya buɗe ƙofar firigon ya ce mu duba. Wani farin gari ya fara fitowa a kusurwar ɗan akwatin ƙanƙara, yana yaɗuwa a hankali. Ya ƙara kaɗan, ya rufe tukunyar, ya sake kaɗa sabulu ya bi gaɓoɓin, bai ga kumfa ta tashi ba. Ya matse bakin guntun bututun ya liƙe shi. Ƙaramin kawu ya yi maganar ladan aiki, mutumin ya ce in ya sake faɗa ba zai ƙara taka Madarunfa ba.

Kafin la'asar matar Mushe ta kawo kwalbar da ta rage, a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta sa ta a ciki da hannunta, ta rufe, ta tsaya ta dafa ƙofar. Daga nan ta shige wurin Iya. Ban san abin da suka ce wa juna ba, ba a jiyo komai daga waje ba.

Tun daga ranar haka ake yi. Ƙaramin kawu bai ba kowa makullin ba, ko ni, ko Iya. Gidansa yana can wajen tasha, amma kullum da sassafe sai ya tako ya buɗe, da yamma ya dawo ya sake buɗewa. Tafiyarsa Jibiya ma ya dakatar. Mushe yakan zo a hankali da sandarsa, ya zauna a kan bencin masu jiran gyara, ya ɗage rigarsa ya yi allurarsa. Ƙaramin kawu tsoron allura yake yi, sai ya juya fuska wajen bango yana ƙirga tsofaffin firigo da ido.

Shekaranjiya ina wurin. Mushe ya ɗan yi kumari, bakinsa ya dawo.

"Alhaji, kai da ke tsallaka iyaka da kaya, 'yar allura ke kora ka?"

"Mushe, yi abin da ya kawo ka."

"Na gama. Juyo."

Ya juyo. Ya ce, "Tana dai yin sanyi yadda ake so?"

Mushe ya miƙa masa kwalbar. Ƙaramin kawu ya karɓa da yatsu biyu, sannan ya dunƙule ta cikin tafin hannunsa, ya tsaya haka.

"Kai, mayar da ita," in ji Mushe, "kada ka ɗumama mini magani."

Ya mayar, ya rufe firigon, ya danna ƙofar don ya tabbata ta kama. Muka fito, ya ɗana kwaɗon. Daga waje ana jin ƙugin injin kaɗan kaɗan.

Liman bai dawo ba tukuna. Allah ya sa Kawu ya tarar da sauƙi a inda ya je, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya raya abin da ya bari.